KWANAN AKORI-KURA DA TIRELA A HAƊE

Manoma da yawa da ƙungiyoyin gama kai suna aiki da mota akori-kura, ko tasu ko ta haya, kuma sukan ɗaura mata ƙaramar tirela a baya don ɗaukar taki, ko amfanin gona, ko tankin ruwa. Tirelar da muke nufi a nan ba babbar motar nan ta dogon zango ba ce. Amalanken ƙarfe ne mai taya biyu ko huɗu, wanda ake maƙala wa mota ta ja. Tambayar da ake yawan yi wa malaman gona ita ce: in dare ya yi, ga kaya a kai, gobe kuma da asuba za a tashi, sai an kwance tirelar ne, ko a bar ta a haɗe ta kwana?

A bar ta a haɗe. Kwana ɗaya ko biyu ba ya yi wa mota lahani, muddin kayan bai wuce ƙa'ida ba. Hasali ma tirela mai kaya ta fi zama lafiya a jikin mota da a ce an sake ta ita kaɗai, domin wajen kwancewa da sake haɗawa ne aka fi datse yatsa ko a danne ƙafa, balle ga duhu ga gajiya. Amma fa akwai sharaɗi. Kada ka ja birkin hannu kawai ka tafi ka kwanta. Wurin da ka zaɓa da waigin da ka sa, su ne za su riƙe maka mota har gari ya waye.

NAUYIN DA KAKE BARI A KAN BIRKI

Bari mu yi ɗan lissafi. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Buhu 20 ya zama kilo 1,000, wato tan ɗaya. A ce ita tirelar kanta kilo 400 ce, ka ga an sami kilo 1,400. A ce motar kuma kilo 2,000 ce. Duka-duka kilo 3,400 ke nan a tsaye a ƙofar gidanka.

In wurin shimfiɗaɗɗe ne, wannan nauyi ƙasa kawai yake dannawa. In kuwa akwai gangare, wani kashi nasa yana jan motar ne zuwa ƙasa. Gangaren da ke sauka taku ɗaya a cikin kowane taku goma yana jan kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin, wato kilo 340, kamar a ce an rataya wa motar buhu bakwai na taki suna janta dare farai. Ko gangaren da bai fi rabin wannan ba, wanda ido da ƙyar yake gane shi, yana ja da kilo 170. Ƙarti uku ba za su iya tare wannan ba in ya fara tafiya.

To, me ke riƙe shi? A akori-kura irin su Hilux da tsohuwar Peugeot 504, birkin hannu tayoyin baya biyu kaɗai yake kamawa, kuma ta wata waya ce da ke miƙewa in ta tsufa. Sabon birki mai kyau zai iya riƙewa. Amma motar da ta shekara goma tana shiga gona, ka ja sandar har ta ƙure sannan ka ji ta ɗan kama, wannan ba abin dogara ba ne. Ko birkin ya kama sosai ma, taya tana iya sulɓewa a kan jiƙaƙƙiyar laka ba tare da ta juya ba.

Giya ma haka. Abin da ke riƙe mota a giya shi ne iskar da ke matse a cikin inji, ita kuwa tana sulalewa a hankali, musamman a tsohon inji. Sai motar ta riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, ta tsaya, ta sake matsawa. Giya taimako ce ga birki, ba ta isa ita kaɗai ba.

Ita kuwa tirela, yawancin waɗanda masu walda ke ƙera mana ba su da birki ko kaɗan. A Ingila doka ta ce duk tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 sai ta kasance da birkinta. Tamu ta buhu 20 ta kusa ninka wannan, kuma ba ta da komai. Duk nauyinta a kan motar yake.

ZAƁEN WURI

Wannan shi ne babban aikin, kuma tun da sauran haske ake yinsa. In ka san za ka kwana da kaya, yi ƙoƙari ka iso kafin magariba, ka sauka ka taka wurin da ƙafarka.

Nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri. In kana shakka ko akwai gangare, zuba ruwa rabin bokiti ka ga inda ya nufa. Ko kuwa kana zaune a mota, ƙafarka na kan birki, ka fitar da giya ka ɗan sassauta ƙafar. In motar ta motsa, wurin bai yi ba, nemi wani.

Da damina sai an ƙara lura. Wurin da ka gani busasshe da la'asar, ruwan dare ɗaya ya isa ya mai da shi taɓo. Baƙar lakar fadama ita ta fi mugunta, in ta bushe kamar dutse, in ta jiƙe kuwa taya sai ta nutse har rabi, da safe kuma sai an sauke kayan duka ko an nemo tarakta. Jan ƙasa mai tsakuwa ko wurin da aka daɓe ya fi. Duba kuma ko wurin hanyar ruwa ne. Yashi mai laushi a shimfiɗe da tarkacen kara a gefe ɗaya alama ce ta cewa ruwa yana bi ta nan. Tambayi mai gida ko akwai tsohuwar rijiya, ko salga, ko ramin da aka haƙa don gini aka cike. Irin wannan wuri yana ɗaukar mutum da jaki, amma ba ya ɗaukar tan uku.

Kada ka ajiye a ƙarƙashin tsohuwar bishiya a farkon damina, lokacin da hadari ke zuwa da iska mai ƙarya rassa. Inuwa ba ta da amfani da dare.

Ajiye motar da tirelar a miƙe, layi ɗaya, kan motar yana duban hanyar fita. In sai an yi ribas kafin a shiga wurin, gara a yi shi yanzu da ido ke gani, da mutum ɗaya a baya yana nuna maka. Ribas da tirela da asuba, cikin duhu, ga yara da awaki sun fara fitowa, ba abin yi ba ne. In kuma ka bar su a karkace, mahaɗin yana kwana a murɗe, tashi ma sai ya yi wuya.

Wani lokaci babu yadda za a yi, gari duk a kan tudu yake. To, a nan tsaya ka dubi ƙasan gangaren ka tambayi kanka: in motar nan ta kuɓuce, me za ta tarar? In ɗaki ne, ko turken dabbobi, ko dandalin da ake shimfiɗa tabarma, sake wuri. Da bazara mutane da yawa a waje suke kwana saboda zafi, wasu ma a gindin motar, don nan ne iska ke kaɗawa. Motar da ta gangaro ba a kunne ba ba ta da ƙara, mai barci ba zai ji zuwanta ba. Juya sitiyari yadda in ta motsa za ta nufi tudu, ko kututture, ko fili wanda ba kowa.

WAIGI DA YADDA AKE SA SHI

Waigi na ƙwarai guntun katako ne mai ƙarfi, a sassaƙe kamar kan gatari, faɗinsa daidai da faɗin taya, tsayinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin tayar. Kafinta zai yi maka huɗu da ragowar katako. Huda su ka zura igiya, ka ajiye su a mota tare da jak. Mulmulallen dutse yana gangarawa tare da taya. Bulon siminti yana farfashewa. Tubalin ƙasa kuwa, in aka yi ruwa, da safe sai ka tarar da laka.

A tayoyin tirela ake fara sa waigi, dama da hagu, ta gefen da ƙasa ta gangara. In wurin shimfiɗaɗɗe ne, sa gaba da baya na taya. In waigi ya ragu, ƙara wa tayar motar ta baya.

Yadda ake jera aikin yana da muhimmanci, kuma nan ne direbobi da yawa suke kuskure. Sukan ja birkin hannu, su kashe mota, su fito, sannan a tura dutse kusa da taya. Ka ga nauyin yana kan birki, waigin ado ne kawai. Ga yadda ya kamata. Ka taka birkin ƙafa ka riƙe. Yaron mota ya cusa waigi ya buga shi ya zauna sosai, sannan ya matsa gefe. Ka saki birkin ƙafa a hankali har ka ji motar ta zauna a kan waigin. Sannan ka ja birkin hannu har ya ƙure. Sannan ka kashe inji ka sa giya: ta ɗaya in kan motar yana duban hawa, ribas in yana duban gangare. Yanzu abu uku ke riƙe da ita, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ke ɗauke da nauyin.

In motarka mai canza giya da kanta ce, harafin P shi ne na ƙarshe, bayan waigi da birkin hannu. Wani ɗan haƙorin ƙarfe ne a cikin akwatin giya yake kullewa. In ka ɗora masa nauyin mota da tirela, da safe giyar za ta ƙi fita, ko ta fita da ƙara, gyaransa kuma ba araha.

Yaron da ke sa waigi ya tsaya a gefen taya, kada ya shiga tsakanin mota da tirela, kada kuma ya tura waigi da tafin hannu a ƙarƙashin taya.

In tirelarka tana da nata birkin hannu, ja shi. Na kwana ɗaya ba laifi.

WUYAN TIRELA

Wuyan tirela shi ne dogon ƙarfen da ya miƙo gaba ya haɗu da mota. In an yi lodi daidai, wato kayan sun ɗan fi yawa a gaban tayoyi, wuyan yana danna bayan mota da kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela da kayanta. A lissafinmu na sama kilo 140 ke nan, bai kai buhu uku ba. Sifirin ɗin akori-kura an yi shi ne don ɗaukar fiye da haka, saboda haka masu cewa kwana a haɗe yana kashe sifirin ba su yi daidai ba. Lodin da ya wuce kima shi ke kashe shi, da barin mota a danne mako da makonni.

Duk da haka, in tirelar tana da ƙafa a wuyanta, sauke ta. Sa faffaɗan katako a ƙasa don kada ta nutse, ka murɗa har ƙafar ta taɓa katakon ta ɗan karɓi nauyi, ka tsaya nan. Kada ka yi ta murɗawa har bayan motar ya ɗaga, domin tayoyin bayan nan su ne birkin hannu yake kamawa, in ka rage musu nauyi ka rage musu riƙo. In babu ƙafa, guntun kututture ya isa. Sannan ka ɗaura tsumma a sitiyari, don ka tuna da safe. Ƙafar tirela da aka manta aka ja mota a kanta tana cikin abubuwan da masu walda suke gyarawa.

Akwai wani haɗari da ba kowa ya san shi ba. In nauyi ya koma bayan tirela mai taya biyu, wuyanta sama yake yi, ya ɗaga bayan motar. Tayoyin da ke riƙe da birki sai su saki ƙasa, mota da tirela su kama gangarawa alhali birkin hannu yana jaye. Wannan yakan faru in an sauke buhunan gaba aka bar na baya, ko mutane suka hau bayan tirela suna hira, ko ana tura injin ban ruwa ko na casa ta baya. Saboda haka in za a rage kaya da dare, a fara da na baya. In kuma za a hau, a tokare bayan tirelar da kututture tukuna.

WAYAR FITILA

Zare wayar da ke kai wuta daga mota zuwa fitilun tirela. A wasu motoci akwai layi ɗaya da ke da wuta ko an kashe inji, wasu masu gyaran wuta kuma kai tsaye suke jawowa daga batir. In akwai inda wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, kafin safe batir ya mutu, wani lokaci ma wayar ta yi zafi ta kama. Ka tuna da sanyin hunturu injin dizal yana buƙatar batir mai ƙarfi, kuma motar da ke jaye da tan ɗaya da rabi ba ta turuwa. Rataye kan wayar a wuyan tirela, bakinsa yana duban ƙasa, kada ya kwana a cikin laka.

ƁARAYI DA YARA

Tirela a haɗe ta fi wuyar sata, amma in ƙusa ce kawai ta riƙe ta, zare ta ba ya ɗaukar minti ɗaya. Sa kwaɗo a ramin da ke ƙasan ƙusar. In mahaɗinka irin mai dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙwallo, akwai rami a jikin hannun da ke kulle shi, nan za ka sa kwaɗon. Kwaɗo ba ya zama a madadin ƙusa, aikinsa ya hana ta fita ne kawai. In ƙofar tirelar a baya take, matsa da ita jikin bango yadda ba za ta buɗu ba.

Ba ɓarawo kaɗai ba. Yara suna son wasa a kan tirela, su yi lilo a wuyanta, su zare ƙaramar ƙusa, su ɗauke waigi su kai wa uwarsu ta hura wuta. Gaya wa mai gida ya ja musu kunne, kai kuma kada ka ɗauka abin da ka bari jiya yana nan yadda ka bar shi.

KAYAN DA KE KAI

Takin yuriya yana jan laima, ko raɓa ta isa ta sa ya dunƙule in buhu ya huje. Rufe shi da tamfol, ka ɗaga tsakiyar da sanda ko buhu ɗaya don ruwa ya zurare. Tamfol da ya lotsa yana tara ruwa, kowace lita kuma kilo ɗaya ce a kan lodinka. Hatsin da bai gama bushewa ba yana gumi in an lulluɓe shi ruf, haka tumatir da tattasai da albasa, su iska suke so. Ɗaga musu rufin ta gefe.

Dabbobi kuwa kada su kwana a tirela. Sauke su, ka ba su ruwa, ka ɗaure. Banda wahalar da suke sha, motsinsu yana kai nauyi gaba da baya dare farai. Maganin feshi da jarkar fetur a sauke su a kulle a inda yara ba sa kaiwa, nesa da murhu, nesa da abinci.

IN DARE YA SAME KA A BAKIN TITI

Wannan shi ne mafi munin wurin kwana, in da hali ƙarasa gari ko tasha. In mota ce ta lalace, fitar da ita daga kan kwalta gaba ɗaya, har da tirelar, domin mai zuwa daga baya ita zai fara tararwa, ga ta gajera, ga ta baƙa, sau da yawa ba ta da ko danja. Ganyen da ake zubawa a titi ba a ganinsa da dare. Sa alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, wadda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tambaya, kamar taku hamsin a baya, in akwai kwana ko tudu ka kai ta gaban kwanar. A nan kada ka zare wayar fitila. Bar ƙananan fitilu a kunne, mutuwar batir ta fi sauƙi. Da safe kwashe duwatsu da rassan da ka sa, kada ka bar wa mai babur.

DA SAFE KAFIN A TASHI

Zagaya mota da tirela da fitila a hannu. Leƙa ƙarƙashi, ko akwai yaro, ko akuya, ko kaji. Duba tayoyi, domin ƙaramin huji da bai nuna ba jiya yana iya sauke taya cikin dare, in ka ja ta haka da kaya kuwa ta tashi daga aiki. Duba ƙusa da kwaɗo. Duba sarƙoƙin tsaro, su kasance a gicciye a ƙarƙashin wuyan tirela, yadda in mahaɗi ya saki za su tallafe shi kada ya caki ƙasa. Ɗage ƙafar tirela har sama ka ɗaure ta. Mai da wayar fitila, ka taka birki ka kunna sigina wani ya duba maka a baya. Sannan ka kwance tsumman sitiyari.

Waigi shi ne na ƙarshe. In ya matse, kada a buge shi da guduma. Ta da inji, taka birki, sa giya, saki birkin hannu, ka ɗan matsa ta gefen hawa har tayar ta sake shi, ka tsaya ka riƙe birki, yaro ya janye shi da igiya. Bayan ka yi tafiya kaɗan, gwada birki tun kafin ka hau babban titi.

IN ZAMAN ZAI WUCE KWANA BIYU KO UKU

A nan gara a sauke kaya a kwance tirelar, mota ta huta, ita ma ta samu zuwa wani aikin. Sa waigi gaba da baya na tayoyin tirela tun kafin ka taɓa ƙusa. Sauke ƙafa a kan katako. In ƙusar ta ƙi zaruwa, alama ce tirelar tana jan motar ko tana tura ta, kada ka tilasta, ɗan motsa motar har ƙusar ta yi sako-sako. In dole sai an kwance da kaya a kai, tokare bayan tirelar, kuma kada kowa ya sunkuya a kan wuyanta, domin in nauyin baya ya fi yawa wuyan sama zai yi tsalle da zarar an sake shi. Tirela mai birkin hannu da za ta daɗe a ajiye da damina, saki birkin ka bar ta a kan waigi, in ba haka ba tsatsa za ta manne birkin, ranar da za ka ja ta tayar ta ƙi juyawa. Ka ɗan ɗaga wuyan sama da bayan, ruwan sama ya riƙa fita ta ƙofa, ka shafa wa mahaɗin giris ka ɗaure shi da leda.